Sarkin Ƙurya da Ƙofar da Ya Sa Aka Toshe

Ka taɓa ƙirga ƙofofin jirgin sama kafin ka shiga? Ni kullum sai na ƙirga. Tsaya bakin gilashin filin jirgin Fukuoka da safe, za ka ga jirage biyu gefe da gefe, ƙira ɗaya, tsawo ɗaya, hanci ɗaya, amma wannan ƙofarsa takwas, wancan goma. Shekara shida na yi a kamfaninmu ina ganin haka ban san dalili ba. Wanda ya fahimtar da ni, tare da mutum ɗari biyu da ashirin da tara a safiya guda, shi ne babban malaminmu, Mataimakin Darakta Tsurumaki. Bai yi niyyar koyarwa ba. Amma ai manya haka suke, ilimi zuba yake daga jikinsu ko ba su sani ba.

Tsurumaki-san, kamar yadda muke kiransa don girmamawa, mutum ne da ƙasa ke alfahari da shi, ko da yake har yanzu ba a sanar da ƙasar ba. Shekara goma sha ɗaya yana Mataimakin Darakta a sashen tsara cikin jirgi. Bai iya tuƙi ba, bai taɓa ɗaure ƙusa ko ɗaya ba, kuma ba ya bukata. Iliminsa ya fi wannan zurfi. Ya san inda kowa ya kamata ya zauna.

Kowa a nan ya san babba can ƙurya yake zama, nesa da ƙofa, ƙarami kuma bakin ƙofa, don ya karɓo shayi ya kira mai kawo abinci. Mu dai yi kawai muke. Shi kuwa ya mai da abin kimiyya. Akwai tef ɗin awo a aljihun kwat ɗinsa na hagu, ba ya rabuwa da shi. A lif, ya san kusurwarsa. A tasi, bayan direba, ko da zai zagaya cikin ruwan sama. Wata rana a gidan taliya ya zaunar da mu mu goma sha huɗu bisa muƙami, an kawo kwanuka, mun ɗauki tsinkayen ci, sai ya hango wata ƙaramar ƙofa ta madafa a bayansa. Lissafi ya rushe. Sau huɗu ya tashe mu, kowa riƙe da kwanonsa. Kafin a samu tsarin da ya dace da ƙofa biyu, taliya ta shanye romo ta kumbura. Daga ranar muke kiransa Sarkin Ƙurya. Sunan ya kai kunnensa, ya kuma ji daɗinsa.

Teburinsa mita goma sha bakwai da rabi ne daga ƙofar ofis. Na Darakta mita goma sha tara. Darakta kuwa zai yi ritaya a ƙarshen Maris. Wato mita ɗaya da rabi kaɗai ya rage wa Tsurumaki-san a duniya, da kalma ɗaya da yake son a goge daga katin sunansa: Mataimaki.

Ana cikin haka kamfani ya yanke shawarar sayo sababbin jirage biyu don hanyar tsibiran kudu. Masu ƙerawa suka aiko da littafi mai shafi sittin da huɗu, suka ce mu zaɓi tsarin ƙofofi. Aka kira taro. Injiniya Nakagome, mutum mai sanyin magana da maiƙo a ƙarƙashin farce, shi ya yi bayani.

Ya ce doka ɗaya ce ke riƙe da komai: idan wani abu ya faru, dole kowa ya fita cikin daƙiƙa casa'in, kuma da rabin ƙofofi kawai, domin wuta na iya tare ɗaya gefen. Kowace ƙofa da adadin mutanen da aka yarda mata. Babba, mai katifar zamiya da ke hura kanta, tana fitar da mutane da yawa. Ƙaramar kan fiffike, wadda sai ka ɗaga ƙafa ka sunkuyar da kai, tana fitar da kaɗan. Shi ya sa masu ƙerawa ke yin gangar jiki ɗaya mai gurbin ƙofa goma, mai saye ya zaɓa. Kamfanin da ke ɗaukar attajirai a kujeru masu kwanciya, fasinjansa kaɗan ne, sai ya toshe ƙofofi biyu na bayan fiffike, ya sa taga, ya huta. Kamfani irin namu, mai kwasar 'yan makaranta masu yawon buɗe ido da tsofaffi masu zuwa wankan ruwan zafi, idan yana son kujera ɗari biyu da talatin, dole ya bar su a buɗe, ya ajiye ma'aikaciya kusa da su. Da ƙofa takwas, ba za a wuce ɗari da casa'in da biyar ba. Minti bakwai ya yi, ya zauna.

Sarkin Ƙurya ya miƙe daga ƙuryarsa, ya gyara maɓallin kwat, ya kira injiniyan da "kun", yadda ake kiran na ƙasa.

"Nakagome-kun, ka yi karatu, na gani. Amma ka taɓa tambayar kanka, jirgi mai ƙofa goma ina ƙuryarsa? Gaba ƙofa, baya ƙofa, tsakiya ƙofa, bayan tsakiya ma ƙofa. Duk inda babban mutum ya zauna yana bakin ƙofa kamar mai jiran a aike shi. Wannan ai kwando ne kuke so ku saya, ba jirgi ba."

Ya dakata don a rubuta. Mutum uku suka rubuta.

"Daƙiƙa casa'in ɗin nan, an yi ta ne don ƙasashen da ake turereniya. Mu masu layi ne. Mu ne muke layi a tashar jirgin ƙasa ko babu mai kallo. Tsari ya fi ƙofa sauri. Idan babba ya fita, mai bi masa ya fita, mai bi wa wannan ya fita, jirgi zai zazzage kansa kamar buhun shinkafa. Kujera ɗari biyu da talatin, ƙofa takwas. Na gama."

Takardar shawara tana bukatar hatimi bakwai. Kafin la'asar an buga shida: nasa babba a tsaye, biyar kuma kowanne ya ɗan karkata wajensa kamar mai gaisuwa. Gurbi na bakwai na Iwabuchi-san ne, shugabar ma'aikatan cikin jirgi, mai shekara ashirin da tara a sama. Mace ce mai taushin murya, wadda ko abin sha za ta miƙa maka sai ta nemi afuwa. Ta karanta takardar sau biyu, ta mayar da hatiminta cikin jaka. Ta ce ita sau ɗaya ta taɓa ganin hayaƙi a cikin jirgi, kuma ba ta ga wanda ya tsaya tambayar muƙamin na gabansa ba.

Magana ta kai ga Shugaban kamfani, Hasunuma, tsoho mai shekara saba'in da takwas, wanda abu biyu yake so a rayuwa: kamun kifi da kallon mutane. Ya saurari kowa ido a lumshe. Sannan ya ce ai muna da tsohuwar gangar jirgi a rumfar horo, mai ƙofa goma. A gwada tsarin Tsurumaki a cikinta. In an fita cikin daƙiƙa casa'in, shi da kansa zai kai wasiƙa hukuma a Tokyo, kuma teburin Darakta na Tsurumaki ne. Nakagome ya ce ƙasa-ƙasa ko an ci gwajin hukuma ba za ta buɗe ambulan ɗin ba. Shugaba ya yi kamar bai ji ba. Ina ganin ya hango kifi ne.

Mako uku aka yi ana shiri, kuma kamfaninmu bai taɓa ganin himma irin wannan ba. Sarkin Ƙurya ya sa kafintoci suka rufe ƙofofin bayan fiffike da katako, aka yi fenti, aka zana taga. Ya fitar da sanarwa mai shafi goma sha biyu kan yadda ake tserewa cikin ladabi. Shafi na huɗu shi ne zuciyarta: babu mai fita kafin wanda ya girme shi a muƙami. Ya jera sunaye ɗari biyu da talatin, tun daga shugabannin sassa har Kikue-san mai share ofis, domin gwaji na son a haɗa da mata da tsofaffi. Ƙanana bakin ƙofa, manya can ciki. Sannan ya shiga gangar da tef, ya yi awa biyu a durƙushe, ya gano kujerar da ta fi kowace nisa da kowace ƙofa: layi na ashirin da tara, gefen dama, jikin bango. Darakta ya ce bayansa na ciwo ba zai shiga ba, don haka kujerar ta Mataimaki ce. A makon ƙarshe ne kuma ya fara yawo da wata baƙar jaka da ba ya bari kowa ya taɓa, ko banɗaki da ita yake shiga.

Ranar Alhamis, ƙarfe goma na safe, aka rufe rumfar. Ni aka ba agogon ƙirga daƙiƙa, aka tsayar da ni kan dakali kusa da Shugaba da Nakagome. Kafin gwajin daƙiƙa casa'in, Sarkin Ƙurya ya yi jawabin minti ashirin da biyu, da ɗan makirufo maƙale a wuyan kwat. Ya ce tarihi zai tuna da yau. Wannan kam ya yi gaskiya. Ya shiga ya zauna, jakarsa a cinya. Aka kashe fitilu, aka saki hayaƙin wasa, ƙararrawa ta kaɗa, na danna agogo.

Daƙiƙa tara, ƙofofi huɗu na dama sun buɗe, katifu sun hura kansu sun miƙe. Aiki mai kyau. Daƙiƙa goma sha biyar, ba kowa. Ashirin, ba kowa. Talatin, katifu huɗu tsaf, ko ƙuda bai sauko ba. Na girgiza agogon ko ya lalace.

Daga baya mun ga komai a hoton kyamara. Ƙananan ma'aikata na bakin ƙofa sun miƙe, sun tuna shafi na huɗu, sun nemi su ja gefe don manya su wuce. To amma ina gefe a cikin jirgi? Hanyar rabin mita ce. Sai suka tsaya a cikinta suna sunkuyawa, goshin wannan na dukan bayan wancan. Shugabannin sassa biyu masu muƙami ɗaya suka haɗu a tsakiya, wannan na cewa ai kai ka riga ni shiga kamfani da wata uku, wancan na cewa a'a, kai ka girme ni da shekara, don haka wuce. Ma'aikatan Iwabuchi-san na ta kira a fito. Mutum ɗari biyu da ashirin da tara kuwa suna jiran layi na ashirin da tara.

A layi na ashirin da tara, kimiyya ta ci karo da kanta. Sarkin Ƙurya na jikin bango. Ba zai iya fita ba sai mutum biyu na gefensa sun tashi sun shiga hanya. Su kuma in sun shiga hanya sun riga shi, shafi na huɗu ya hana. Suka zauna hannu a gwiwa suna kallon gaba, cike da biyayya. Hayaƙi ya yi kauri. Hayaƙin wasa ne, ƙamshin alewa ma yake, amma a cikin duhu maƙogwaro bai san wasa ba. Ya yi tari ɗaya, ya yi biyu. Sai muka ji wani dum, dum, dum ta lasifikar rumfa, domin babu wanda ya tuna ya kashe makirufon wuyansa.

"Akwai ƙofa a nan," in ji murya. "Na san akwai ƙofa a nan. Wane marar hankali ne ya toshe ta?"

Shugaba ya karkato kai ya tambayi Nakagome wa ya toshe ta. Nakagome ya ciro takarda daga aljihu, ya haska mata fitilar wayarsa. Hatimi shida, ɗaya babba a tsaye. Shugaba ya ce, "Hmm," kamar wanda ƙugiyarsa ta yi nauyi.

A daƙiƙa ta arba'in da takwas Iwabuchi-san ta ɗauki lasifikar hannu. Shekara shida ban taɓa jin muryarta ta wuce ta mai lallashin jariri ba. Ranar na ji rufin rumfa ya amsa.

"Babu babba, babu ƙarami! Na kusa da ƙofa, fita! Kai mai tabarau, bar sunkuyawa, yi tsalle!"

Mai tabarau shugaban sashen shari'a ne. Ya yi tsalle. Daƙiƙa hamsin da ɗaya, mutum na farko. Daga nan jirgi ya zazzage kamar buhun shinkafa, yadda aka yi alkawari, sai dai ta gindi ya yage. Na ƙirga su ɗaya ɗaya. Minti uku da daƙiƙa biyar, ɗari biyu da ashirin da tara suna ƙasa suna haki suna dariya. Saura ɗaya.

Ya iso ƙofar baya rungume da baƙar jaka, Iwabuchi-san na tura shi kamar keken abinci. Ta ce ya bar jakar. Ya tsaya bakin katifa, ya gyara wuya, makirufo na nan da ransa.

"Iwabuchi-san, kin san da wa kike magana?"

"Na sani, Yallaɓai. Da na ƙarshe."

Bai yi tsalle ba, zama ya yi, irin na manya. Katifa ba ta san manya ba. Ta juya shi sau ɗaya da rabi, ƙafa sama, jaka ta daki ƙasa ta fashe, daidai lokacin da aka kunna fitilu. Na danna agogo: minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya. Fararen katuna na ta saukowa a hankali kamar furen bazara. Akwati biyar, ɗari ɗari. Kowa ya duƙa ya ɗauki ɗaya, domin mu ba ma barin takarda a ƙasa. Kowa ya karanta. Tsurumaki, Darakta. Babu Mataimaki.

Kowa a rumfa na riƙe dariya da haƙori. Shugaba ya ɗauki nasa, ya miƙar da hannu ya karanta, ya juya bayansa. Ya ce takarda ce mai kyau, bayanta fari fat, bai kamata a yi asararta ba. A rubuta lambobin kujeru a baya, a zuba a kwando, kowa ya ja nasa, a sake gwaji bayan abincin rana da ƙofa goma.

Katakon da aka yi mako uku ana shirya shi, minti goma sha huɗu kafintoci suka yi suka cire. Kowa ya ja kati ya soke a aljihun gaba. Mai share ofis ta samu layi na ɗaya, shugaban sashen shari'a ya faɗa tsakanin makanikai biyu. Da Sarkin Ƙurya ya miƙa hannu cikin kwando, Iwabuchi-san ta janye kwandon da ladabinta da ya dawo cif. Ta ce Yallaɓai ba sai ya ja ba, ai ya riga ya auna kujerarsa da tef, wa zai raba shi da ita.

Ya koma layi na ashirin da tara, gefen dama. Kujerar nan dai ce, ko santimita ɗaya ba ta matsa ba. Sai dai bangon da ke kusa da ita yanzu yana da hannu ja da rubutun gaggawa. Kujerar da ta fi kowace nisa da ƙofa da safe ta zama bakin ƙofa da rana. Dama wajen da ya fi nisa da sauran ƙofofi, nan ne masu ƙera jirgi suka ga ya dace a huda ƙofa. Tef ɗinsa bai yi ƙarya ba. Shi da injiniyoyi wuri ɗaya suka gano, kowa da dalilinsa.

Wata ma'aikaciya ta durƙusa gabansa ta karanta masa abin da ake karanta wa duk mai zama nan: zai sauka farko, ya tsaya a gindin katifa, ya kama hannun duk wanda ya sauko ya tashe shi. Ta tambaya ko ya yarda. Ya gyaɗa kai. Ta ce ƙa'ida sai an faɗa da baki. Sai a tambaya ta uku aka ji.

Aka kashe fitilu, ƙararrawa ta kaɗa, na danna. Ƙofa biyar. Daƙiƙa tamanin da huɗu. Na duba sau biyu, na nuna wa Shugaba, na nuna wa Nakagome, har na nuna wa kafinta. Daraktoci ɗari biyu da ashirin da tara suka fice, kowa da shaidarsa a aljihu, da Mataimaki guda ɗaya a gindin katifa yana tarbarsu. Mutum arba'in da shida ya tasa da hannunsa. Kikue-san ta ƙofar gaba ta sauka, amma ta zagayo takanas, ta ciro katinta ta riƙe da hannu biyu yadda ake miƙa katin suna a nan, ta sunkuya masa.

"Sannu da aiki, Mataimaki," ta ce. "Ka yi ƙoƙari. Zan sa maka albarka a wajen Shugaba."

An sayo jirage masu ƙofa goma. Ranar ɗaya ga Afrilu aka ba Iwabuchi-san kujerar Darakta. Aikinta na farko, ta sa aka ɗauko teburin daga ƙurya aka ajiye shi taku uku daga ƙofa, don ma'aikatan da suka sauko daga tafiya su same ta ba tare da sun ratsa ofis ba. Cikin mako guda duk mai son a gan shi ya jawo teburinsa gaba. Tsurumaki-san ya shiga shekara ta goma sha biyu a matsayinsa. Yana gaya wa baƙi, in an samu baƙon da ya isa can, cewa shi ne ya sadaukar da kansa har kamfani ya gane amfanin ƙofa. Ya kuma samu abin da ya yi rayuwarsa yana nema. Na ɗauki tef na auna: a duk hawa na huɗu babu ɗan Adam da ya kai shi nisa da ƙofa. Shi da injin kwafi da ya lalace ne kawai a can.

To, in za ka hau jirgi nan gaba, gwada wannan. Kafin ka shiga, tsaya bakin gilashi ka ƙirga ƙofofin gefen da kake gani, ka ninka biyu. Duba bayan fiffike, wani lokaci za ka ga zanen ƙofa a jikin ƙarfe, amma in ka shiga ciki taga ce kawai. In ka zauna, nuna da yatsa ka ƙirga layuka nawa ne tsakaninka da ƙofa mafi kusa, gaba da baya, ka riƙe lambar a kai, domin a cikin hayaƙi ido ba ya aiki. In lambar ta yi yawa, kada ka gyara kwala. Ba girma aka ba ka ba.